An sa min bawul na ƙarfe a zuciya, jiki ya yi sauƙi amma hankalina ya ƙi kwanciya

Mai Keken Ɗinki:

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karatu a wannan zaure ban taɓa cewa uffan ba, yau dai abin ya ci ƙarfina. Shekarata 32, 'ya'yana biyu, ɗinki nake yi a cikin gida a Zariya. Wata biyar ke nan da aka yi min aikin zuciya a Indiya, aka cire ƙofar nan ta ɓangaren hagu da likitoci ke kira mitral, aka sa bawul na ƙarfe. Sun ce tushen abin ciwon maƙogwaro ne da na yi ta fama da shi ina yarinya, ya koma ciwon gaɓoɓi, daga nan ya gangara zuciya yana cin ƙofar a hankali har ta tsuke. Ni dai abin da na sani, bayan haihuwata ta biyu ko shara na yi sai haki, ƙafafu su kumbura, da dare ba na iya kwanciya sai an jera min matasai a baya.

Alhamdulillahi, hakin nan ya tafi. Ina yin girkina, ina raka yara bakin titi. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ce kin murmure, kin yi kyau, an wuce wurin. Ni kuma ban wuce ba.

Ƙarar ce ta fara hana ni sakat. Da rana hayaniyar gida tana rufe ta, amma da an ɗauke wuta fanka ta tsaya, sai in ji ta tas, tas, tas kamar agogon bango, har cikin matashin da na ɗora kaina. Sai in kama ƙirgawa. In bugun ya ɗan yi tsalle sai gabana ya faɗi, in tashi zaune ina jiran na gaba. Akwai daren da kiran assalatu ke riske ni ban runtsa ba. Rannan a islamiyya matar da ke gefena a sahu ta leƙa hannuna tana neman agogo, da ba ta gani ba ta sake kallona. Tun daga ranar ban koma ba.

Sai kuka. Ina cikin yanka yadi sai hawaye su zubo ba dalili. Mantuwa kuma ta same ni, awon da na saba riƙewa a ka yanzu sai na rubuta. Duk rigunana na ɗaga musu wuya saboda kan tabon yana leƙowa, ya yi tudu, yana ƙaiƙayi. Abin da ya fi ci min rai shi ne ba ni da bakin faɗa wa kowa. Gonar mahaifinmu aka sayar, maigida ya ci bashi, 'yan unguwa suka yi karo-karo. Ta yaya zan dubi waɗannan mutane in ce musu ba na jin daɗin rayuwata? Sai in ga kamar butulci nake yi wa Allah da su.

Ga kuma warfarin, maganin tsinka jinin da aka ɗora ni a kai don kada jini ya daskare a bawul ɗin. An ce INR ɗina, wato gwajin da ke nuna yadda maganin ya tsinka jinina, ya zauna tsakanin 2.5 da 3.5, amma wani gwajin ya ba da 1.9, na bayansa 4.1. Surukata, saboda son da take min, ta hana duk wata miyar ganye shiga tukunyata, ba kuka, ba zogale, ba alayyafo, sai in na je gidanmu nake ci. Al'adata tana zuwa da yawa fiye da da, har jiri nake ji. Dangin maigida kuma sun fara tambayar yaushe za a yi wa auta ƙane.

Don Allah wanda aka yi wa irin wannan aiki ko ya san kansa ya faɗa min gaskiya. Ana sabawa da ƙarar nan? Wannan ƙuncin zuciya ciwo ne ko raunin imani? Me zan ci? Zan iya komawa kan keken ɗinkina na ƙafa? Haihuwa fa?

Tsohon Direba:

Wa alaikumus salam. Sannu 'yata, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Ni nawa bawul ɗin na babbar jijiyar da ke fita daga zuciya ne, an sa min shi a 2011, kuma ga ni ina rubuto miki da hannuna, jikoki na wasa a tsakar gida.

Ba zan ruɗe ki ba, ƙarar ba ta dainawa. Kunne ne yake daina bin ta. Ni sai da na kusa shekara kafin in wayi gari in lura na yi kwanaki ban saurare ta ba. Abin da ya taimake ni a farko, ƙaramar rediyo mai batir a gefen gado, ko karatun Alƙur'ani ƙasa-ƙasa a waya. Ki gwada sauya kwanciya, ni in na kwanta ta hagu ta fi fitowa, ta dama sai ta lafa. Tsallen bugu da kike ji kuwa ki faɗa wa likita ya yi miki gwajin bugun zuciya, in ya ce ba komai ki yarda da shi ki daina gadin dare. Wannan ƙarfen ba ya buƙatar ki tsare shi kafin ya yi aiki.

Batun kuka, saurara da kyau. Ni da nake tuƙa tirela daga Kano zuwa Legas, na dawo daga aikin nan ina shiga banɗaki ina kuka don kada iyalina su gani. Ba butulci ba ne. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, ya ce ga Allah kaɗai yake kai kukansa, kuma ba wanda ya ce imaninsa ya yi rauni. An tsaga miki ƙirji, an tsayar da zuciyarki na'ura tana zagaya da jininki, kin farka a ƙasar da ba ki jin yarensu. Mutum ba ya fita daga wannan ya karkaɗe riga kawai. Waɗanda suka sayar da gona ranki suka fansa, ba su sayi shirunki ba. Ki zaɓi mutum ɗaya cikinsu, mahaifiyarki ko maigidanki, ki faɗa masa abin da kika faɗa mana.

Abin da ya fitar da ni shi ne tafiya a ƙasa. Na fara da masallacin ƙofar gida, a kan kujera nake salla don sujada tana ja min ƙirji, kuma hadisi ya ba mara lafiya wannan damar. Daga nan na koma masallacin da ke gaba, sai na gabansa. Ranar da na taka zuwa masallacin Juma'a na dawo ba haki, ranar na yarda an gyara ni. Ki koma islamiyyarki. Wadda ta leƙa hannunki ki ce mata aikin zuciya aka yi min, ƙarar bawul ce. Addu'a za ta yi miki, kuma daga ranar an gama.

Tirela dai na bar ta, domin doguwar hanya ba ta barin mutum ya je gwaji a kan kari. Kayan gyaran mota nake sayarwa. Kullum akwai kati a aljihuna mai cewa ina da bawul na ƙarfe ina shan warfarin, da lambar babban ɗana. Ki yi irinsa ki sa a jaka.

Ɗan Kasuwar Rimi:

Allah ya ba ki lafiya 'yar'uwa. Ki riƙa dafa zogale da tafarnuwa da citta kina sha safe da yamma, suna wanke jini. Ki samu wanzami ya yi miki ƙaho ko sau ɗaya ne. Kuma na ji akwai sabon maganin tsinka jini da ba ya buƙatar gwaji, mahaifina shi yake sha, ki tambaya a kemis.

Sista Mai Jinya:

Ɗan'uwa na Kasuwar Rimi, na san alheri kake nufi, amma don girman Allah kada ta bi ko ɗaya cikin ukun nan. Ƙaho tsaga fata ne, mai shan warfarin jininsa ba ya saurin tsayawa, kuma ƙwayar cuta na iya shiga ta wurin ta je ta zauna a kan bawul. Sababbin magungunan irin su rivaroxaban da apixaban suna da amfani ga wasu masu ciwon zuciya, ƙila mahaifinka na cikinsu, amma ba a ba mai bawul na ƙarfe. An gwada irinsu a kan masu bawul ɗin aka dakatar da gwajin saboda jini ya fi daskarewa. Ga mai ƙarfe a zuciya, warfarin ne har ƙarshen rayuwa.

Ƙanwata, sannu da jiki. Na yi shekaru a ɗakin masu ciwon zuciya, kuma tun kafin in kai ƙarshen rubutunki na ga inda INR ɗinki ke hawa da sauka. Warfarin yana aiki ne ta hanyar danne bitamin K, wanda hanta ke amfani da shi wajen haɗa abubuwan da ke daskarar da jini. Ganyaye kuwa cike suke da shi. In kin yi makonni ba ganye a gidan miji sai INR ya hau, in kin je gida kin ci miyar kuka da kwaɗon zogale kwana da kwanaki sai ya faɗo. Ba hana ki ganye ake so ba. Ana so ki ci daidai gwargwado, kusan adadi ɗaya kowane mako, sai likita ya daidaita ƙwayar a kan abincinki na gaskiya. Ki tafi da surukarki asibiti ta ji da kunnenta, tunda ita ke kula da tukunyar. Abin da za ki guje wa shi ne jiƙe-jiƙe da garin ganye da ake sha a matsayin magani, domin ba wanda ya san ƙarfinsu.

Kemis ya fi miya haɗari. Flagyl, Septrin, ciprofloxacin da fluconazole duk suna iya cilla INR sama cikin 'yan kwanaki. Rifampicin na tarin fuka kuma ƙasa yake ja da shi. Ibuprofen, diclofenac da aspirin suna jawo zubar jini a ciki, kuma da yawa daga cikin haɗin maganin ciwon jiki da ake ƙullawa a leda akwai su a ciki. In ciwon kai ne ko na mara, paracetamol, shi ma ba a wuce ƙa'ida ba. Duk wanda zai rubuta miki magani, kalmarki ta farko ita ce ina shan warfarin. Ki sha shi lokaci ɗaya kullum, bayan isha'i ya fi sauƙin tunawa. In kin manta kika tuna a daren ki sha, in sai washegari kada ki ninka. Launin ƙwayar yana bambanta daga kamfani zuwa kamfani, saboda haka lambar miligiram za ki duba, ba launi ba. Ki sayi ƙaramin littafi ki ja layi uku, kwanan wata, sakamakon INR, adadin da aka ce ki sha. Da 1.9 da 4.1 a jere, gwajinki ya kamata ya matso kusa-kusa har ya zauna, ba sai wata-wata ba.

Waɗannan kuma ba a jira gari ya waye: baƙin bayan gida, jini a fitsari, haɓon da ya wuce minti goma ana matsewa bai tsaya ba, ciwon kai mai tsanani na farat ɗaya, karkacewar baki ko mutuwar hannu, dawowar haki, ko ki ji ƙarar bawul ta dusashe ko ta sauya. Haka in kika faɗi kika buga kai, ko ba rauni a waje. Zazzaɓi ma kada ki yanke hukuncin na cizon sauro ne ki sha magani a gida, musamman in ya ƙi tafiya. A ɗebi jininki a nemi ƙwayar cuta kafin a fara kowane maganin kashe ta. Ki kula da haƙoranki ƙwarai, kuma kafin a cire haƙori likitan ya san da bawul ɗin, akwai maganin da ake sha kafin a taɓa.

Jirin da kike ji da yawan al'ada, a duba yawan jininki a wannan makon. Ƙarancin jini kaɗai yana kawo kasala da bugun ƙirji da mutuwar jiki. Akwai robar mahaifa mai ɗauke da sinadari wadda ke rage zubar sosai, kuma ta tsare ki daga cikin da ba a shirya ba. Ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin estrogen ba taki ba ce.

Keke kuwa, ƙashin ƙirji da aka ɗaure da waya yakan haɗe cikin mako shida zuwa takwas, zuwa wata uku yawanci an sake wa mutum mara. In ba ki jin motsi ko ƙas-ƙas a ƙashin, kuma likitanki ya duba ya amince, hau abinki, taka keken ma motsa jiki ne. In allura ta soke ki, matse wurin da tsumma mai tsabta, zai tsaya, sai dai ya ɗan jima. Tudun tabo yana da yawa a baƙar fata, akwai abin shafawa da allurar da ke kwantar da shi.

Na bar kukan a ƙarshe ne don shi ya fi damuna. Ƙunci da mantuwa bayan aikin zuciya abu ne da muka sani, muna ganinsa ga maza da mata, malamai da jahilai, kuma yawanci yana raguwa. Amma wata biyar ba barci, ga janyewa daga mutane, ya isa a kira shi ciwo a yi masa magani. Ki faɗa wa likitan zuciyarki ƙarara ya haɗa ki da likitan ƙwaƙwalwa ko mai ba da shawara. Zuwa wurinsu ba hauka ba ne. In kuma ya kai kina jin gara ma ba ki raye, ko kina jin ki daina shan maganin, a yau za ki faɗa wa wani, ba gobe ba.

'Yar Mai Wurno:

Salamu alaiki 'yar'uwata, daga Sudan nake rubuto miki, mu Hausawan bakin Kogin Nilu ne. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, shi ya sa zan tsaya a kan tambayarki ta ƙarshe.

Irin bawul ɗinki ne da ni. An sa min shi a asibitin Salam da ke Soba, kudu da Khartum, wanda ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe a 2007, ana aikin zuciya kyauta. A ɗakinmu akwai 'yan ƙasashe daban-daban, kusan duk matasa, kusan duk ciwon maƙogwaron yarinta ne ya kai mu. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, samun gwaji da ƙwayar ya zama mana babban aiki, sai da ya kai ina ƙirga sauran warfarin ɗina kafin in ƙirga kuɗin cefane. Ke da kike da wurin gwaji kusa, ki riƙe shi da hannu biyu.

Na haihu bayan aikin, amma ba zan ce miki abu ne mai sauƙi ba. Ciki yana sa jini saurin daskarewa, ga ƙarfe a zuciya. Warfarin kuma yana iya taɓa halittar jariri, musamman daga mako na shida zuwa na sha biyu. Ni an mayar da ni kan allurar heparin, wani maganin tsinka jinin, safe da dare a wannan tsakanin, cikina duk ya yi tabo baƙi-baƙi, sannan aka dawo da ni kan ƙwaya, da na shiga mako na 36 aka kwantar da ni aka sake komawa allura har na sauka. Wasu matan masu shan kaɗan ana barin su a kan ƙwayar, likita ne ke auna wanne ya fi. Cikin farko ya zube, na biyu ne Allah ya raya. Na kuma san wata da ta ga ɓatan wata ta ajiye maganin da kanta don tsoron jaririn, ba ta faɗa wa kowa ba. Jini ya daskare a bawul ɗin. Allah ya jiƙanta.

Shi ya sa nake roƙonki, kada maganar dangi ta sa ki ɗauki ciki INR yana rawa. Ki kai maigidanki gaban likita a yi masa bayani yana zaune, shi ne zai tare miki 'yan'uwansa, ba ke ba. In kun yanke shawarar biyun da Allah ya ba ku sun isa, ba ki rage komai ba a matsayinki na mace. In kuma kuna so, a shirya tun kafin a samu, likitan zuciya da na mata su san juna. Shayarwa ba matsala, na shayar da ɗana ina shan warfarin.

Mai Keken Ɗinki:

Baba, Anti Sista, Yaya ta Mai Wurno, Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan mahaifa. Yaya, Allah ya kawo muku ƙarshen wannan yaƙi. Ɗan'uwa na Kasuwar Rimi, na gode da kulawa. Na miƙa wa maigida wayar ya karanta da kansa, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce ranar Litinin tare za mu je, da Hajiya. Anti, saura abu ɗaya. Kafin aikin ana yi min allurar penicillin duk wata. Tun da na dawo mai yi min ita ya ce yana tsoron soka min allura ina shan maganin tsinka jini. An gama da ita ke nan tunda an cire ƙofar da ta lalace?

Sista Mai Jinya:

Ba a gama ba, ƙanwata. Ƙofofin zuciya huɗu ne, ɗaya aka sauya, kuma duk ciwon maƙogwaron da ya sake kama ki yana iya taɓa sauran. Wanda ciwon ya kai shi ga tiyata akan ci gaba da ba shi kariyar aƙalla har shekara 40, wasu ma har ƙarshen rayuwa. Tsoron mai allurar yana da tushe, domin in INR ya yi sama jini na iya taruwa a cikin tsoka. Likitanki ne zai zaɓa, ko a yi allurar a ranar da gwaji ya nuna kina cikin iyaka a danne wurin sosai, ko a mayar da ke kan ƙwayar penicillin ta sha sau biyu a rana. Ki sa wannan a saman tambayoyinki na Litinin. Su ma yaranki, duk wanda ya yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi a kai shi asibiti, in an rubuta masa magani ya shanye shi duka ko ya ji sauƙi a kwana na biyu.